Duk Sunayen Pitoa, Ban da Ɗaya

Da Allah ya karɓi ran Malam Adoum mai faci a daminar bara, rumfar da aka kafa a ƙofar gidansa a Pitoa ba ta ɗauke masu gaisuwa ba, sai da aka aro tabarmin masallaci da bencinan coci aka jera har bakin kwata. Mutumin nan ba malami ba ne, ba attajiri ba, ko mai unguwa bai taɓa zama ba. Taya yake liƙewa a bakin titin da ya fito daga Garuwa ya nufi Marwa, in la'asar ta yi ya ja ƙyauren rumfarsa ya tafi fili koya wa 'ya'yan mutane ƙwallo. Ba wanda ya ɗauke shi wannan aikin, ba kuma wanda ya isa ya sallame shi.

Duk wanda ya durƙusa gaban babban ɗansa, Brahim, in ya gama addu'a sai ya shiga zancen murya. Wani direba ya ce har yau in barci ya fara fizgarsa a kan hanya, sai ya ji kamar Koci, wato marigayin, ya kira shi. Wani ya miƙe tsaye ya kwaikwayi yadda tsohon yake karya sunan wani ɗan wasansa, Gaston, gida biyu, ya jefa rabin ƙarshe har tsallaken fili. Aka yi ta dariya a zaman makoki, ba wanda ya ga laifi. Brahim yana cewa amin, yana murmushi. Shi ya san cewa saura kaɗan mahaifinsa ya tafi bai bar masa irin wannan labarin ba.

Ƙwallo ta sami Adoum ne a bakin sana'arsa. Yana sabon ango yara suka kawo masa wata ƙwallo da ƙaya ta huda, ya liƙe musu, sannan ya bi su fili wai don ya ga ko facin zai riƙe. Faci ya riƙe. Bakinsa ne ya kasa riƙewa. Ya tarar da yara sun dunƙule wuri guda kamar kaji a kan tsaba, ba mai tsaron baya, ba mai duban ɗan'uwansa, sai ya hau tsawa daga inda yake tsaye. Washegari ya dawo. Ba a daɗe ba direbobin motocin auduga suka gane cewa duk wanda tayarsa za ta sace a Pitoa, gara ta sace da hantsi.

Filin ba wani fili ba ne. Jar ƙasa ce mai tsakuwa a bayan makarantar firamare, da turakan raga na tsohon bututun ruwa, da darbejiya guda a gefen gabas wadda 'yan kallo suke rigima a kan inuwarta. Yaran kuwa ba irin da babu: Hausawa, Fulani, Fali, Mundang, 'yan masallaci da 'yan coci. Yana da usur a wuya, amma ado ne kawai. Da suna yake aiki. Yakan ce yaro ba don ƙwallo yake gudu ba, don an kira sunansa ne a gaban mutane. In sabon yaro ya zo da sunan da harshensa bai saba da shi ba, sai ya bi shi har gida ya tambayi uwar yadda take faɗa, ya yi ta maimaitawa a tsakar gidan mutane har sai ta daina dariya.

To, mutumin da ya haddace sunan kowane yaro a garin, akwai suna ɗaya da ba ya fita daga bakinsa. Brahim ɗan fari ne. Adoum kuwa Bahaushe ne da kakarsa Bafulatana ta rena, saboda haka kunya biyu ce ta haɗu masa a wuri ɗaya. Ba ya ɗaukar yaron, ba ya cin abinci kwano ɗaya da shi, ba ya kallonsa ido cikin ido, sunansa kuwa ko a mafarki. Matarsa Fanta ta samo wa kanta mafita, tana kiran yaron Direba saboda motocin kara da yake ƙerawa. Shi ko wannan bai iya ba. "Kai" yake cewa in ta kama dole, in kuma da Fanta yake magana ya ce "yaron nan".

Ba wanda ya ga abin mamaki, don haka aka taso aka tarar. Amma al'adar ba ta yi tanadi ba domin uban da sana'arsa ta yamma kiran suna ce.

Brahim yana ɗan shekara goma ko sha ɗaya ya shiga fili ba tare da an gayyace shi ba, kuma ba a kore shi ba. Yana da ƙafar hagu mai kyau, yana da natsuwa, aka ajiye shi a baya. Makonni suka wuce lafiya lau, uba yana kiran kowa, ɗa yana karantar abin da ake so daga tsawar da ake yi wa na kusa da shi. Sai ranar da yaran Gashiga suka zo wasa, gari ya fito kallo. Ana tsakiyar wasa wani dogon yaro ya zagayo ta bayan Brahim, shi bai gan shi ba, Adoum ya gani. Ya buɗe baki, abin da ya kamata ya fito ya tsaya masa a maƙogwaro.

"Kai!" ya ce. "Kai, kai!"

Duk yaran Pitoa suka ja birki suka waiwayo, har mai tsaron raga, don kowa a filin nan kai ne. Dogon yaro ya wuce abinsa ya zura ƙwallo a raga ba mai ce masa sannu. 'Yan kallo suka yi dariya har wasu suna riƙe ciki, aka shekara ana tsokanar juna da "kai, kai" a tashar mota.

Da yamman nan Fanta ta sami ɗanta a bayan ɗaki yana wanke ƙafa. Ta daɗe tana gyara murfin randar da ba abin da ya same shi kafin ta yi magana.

"Direba, babanka ya ce fili ba zai ɗauke ku ku biyu ba."

"Na yi laifi ne, Inna?"

"Bai ce ka yi laifi ba. Haka kawai ya ce in gaya maka."

Yaron bai yi kuka ba, bai kuma sake taka filin ba. In an aike shi unguwar makaranta sai ya yi zagaye ta bayan kasuwa. Amma Pitoa ba ta da girman da za a ɓuya wa muryar Adoum. Daga tsakar gidansu yana jin ta kullum, tana kiran 'ya'yan wasu ɗaya bayan ɗaya, da faɗa da yabo. Ya san al'ada, bai taɓa zargin uban da ƙiyayya ba. Sanin bai hana abin yi masa ciwo ba. Abu ɗaya yake so a duniya, kuma abu ne da ba a roƙa: ya ji sunansa a wannan muryar, ko da sau ɗaya ne, ko da a cikin faɗa ne.

Abin haushin ma, sunan ba ya wuya a ƙasar nan. Kusan kowace shekara sai an kawo wa Koci wani Brahim, shi kuma nan take ya raɗa masa sabon suna ba tare da rago ba. Akwai Birki, akwai Ɗan Tasha, akwai Sanda. Akwai wani babban jandarma yanzu a Kuseri, mai iyali da furfura, wanda in ya shigo Pitoa har jikokin mutane Gwangwani suke ce masa, yana amsawa.

Brahim ya girma, ya tafi Garuwa koyon gyaran babur, daga baya ya buɗe shagon kayan gyara a Roumdé Adjia, ya auri Achta. Duk Lahadi, ranar kasuwar Pitoa, yakan zo gaisuwa. Ya durƙusa a bakin rumfa, ya ce, "Baba, ina wuni." Uban ya ce, "Lafiya. Ya hanya?" idonsa yana kan tayar da ya tsoma a ruwa yana neman inda take kumfa. Daga nan hira ta ƙare, sai wata Lahadin.

Sai aka haifi Huda. Ita ma 'yar fari ce, amma Brahim ya ɗaura aniyar ba zai maimaita ba. Tun tana cikin zane yake kiran sunanta safe da yamma, har Fanta tana toshe kunne tana cewa 'yan zamani sun sayar da kunya sun sayi babur. Da lokacin yaye ya yi aka kai ta gidan kakanni kamar yadda ake yi, wai ta yi 'yan makonni. Adoum ya karɓi yarinya ya ƙi mayarwa. In Achta ta aiko, ya ce tana mura. In ta sake aikowa, ya ce ruwan Garuwa ba ya karɓar ta. A ƙarshe kowa ya gaji ya bar masa.

Wanda bai ga Adoum da jikarsa ba bai san shi ba. Duk abin da ya danne shekara da shekaru, al'adar da ta ɗaure shi ita ce ta kwance shi, don tsakanin kaka da jika ba shamaki. Ya ƙera mata kujera a gaban kekensa da guntun taya. Yana tauna mata rake, yana cire mata ƙayar kifi, yana zama ta yi masa kitso a gemu a gaban abokan ciniki. Tana ce masa tsoho mai bakin lasifika, yana ce mata ba zai aure ta ba sai ta koyi wanke hanci. Kuma ta bakinta ya sami hanyar yi wa ɗansa magana. Ranar Lahadi Brahim yana durƙushe a gabansa, sai ya juya ga yarinya ya ce, "Huda, tambayi ubanki ko ya ci abinci. Na ga ya rame." Ita kuma ta juya da gaske ta tambaya.

A gefen fili ta tashi, tana jifan awakin da suke shigowa. Ranar da ya ga ta sami akuya a gindi daga nesa, da hannun hagu, ya tsaya ya daɗe yana kallonta. Ba a yi wata guda ba ya je wurin Madam Solange, malamar motsa jiki ta makarantar sakandare, ya ce ta koya masa dokokin ƙwallon hannu. Yana da shekara sittin da wani abu a lokacin. Ya bi gida gida yana roƙon iyaye su ba shi 'ya'yansu mata, ya yi alkawarin dogon wando da ɗankwali da dawowa kafin magariba. Wasu suka ce tsufa ya fara taɓa shi. Amma yawancin iyayen shi ya koya musu gudu, ba su iya haɗa ido da shi su ce a'a ba. Ya bar wa Gaston kafinta, tsohon ɗan wasansa, ragamar maza, shi ya koma wajen 'yan mata da muryarsa.

Brahim bai taɓa zuwa kallo ba. Labari kawai yake ji, wai 'yarsa tana da hannu, wai masu tsaron raga suna kauce mata. Da ta kai shekara goma sha biyar, shi da Achta suka yanke shawarar ta dawo Garuwa ta ƙarasa karatu cikin ƙannenta. Ya san in ya zo ranar Lahadi za a ce tana mura, saboda haka ya rufe shago wata Laraba ya hau babur ba sanarwa.

Bai same su a gida ba. Fanta ta ce ai ya san inda suke. Ya tsaya jim a zaure, magidanci mai 'ya'ya huɗu, yana tsoron wani fili mai tsakuwa. Sannan ya tafi. Ya kashe babur daga nesa, ya taka zuwa gindin darbejiya inda Gaston yake zaune yana ɗinke raga. Kafin su gama gaisawa muryar ta tashi. Ta dishe, ta tsufa, amma har yanzu tana kaiwa tsallake.

"Huda Brahim! Koma baya!"

Brahim ya dafa itacen.

"Huda Brahim, hannu sama. Yawwa. Huda Brahim, wa kike jira?"

Sunan yarinyar a gajarce yake fita, kamar ana sauri a wuce shi. Na biyun ne ake ja, ake karya shi gida biyu, ake jefa rabin ƙarshe har bayan makaranta. Brahim ya tsaya yana ji, bai san sau nawa ba. Sannan ya tambayi Gaston tun yaushe ake kiranta haka.

"Tun da Huda ya zama biyu," in ji Gaston da Hausarsa ta kasuwa. Ya nuna da allurar ɗinki. "Ga ɗayan can. Huda Oumar, yarinyan mai kifi. Dole a raba su, ko ba haka ba?"

Brahim ya duba. Wata 'yar gajeruwa ce a can gefe, tana gyara ɗankwali. Aka jefo mata ƙwallo a hankali, ta runtse ido ta kare kanta da hannu biyu, ƙwallo ta buge ta a kafaɗa ta gangara waje. Ba wanda ya yi mata tsawa.

"Koci da kansa ya je gidansu," Gaston ya ci gaba, yana jan zare. "Ya je, ya koma, ya je, har baban ya gaji ya ba shi. Na ce masa, Koci, wannan ko mangwaro ka jefa masa ba ya kamawa. Ya ce ekip, wato ƙungiya, yana buƙata. Ni dai ban ga buƙatan ba."

Brahim ya gani. Ya juya fuskarsa gefe don kada Gaston ya ga idonsa.

Da aka tashi, Huda ta hango shi ta rugo da gudu. Tsohon yana biye da ita a hankali, da buhun ƙwallaye a kafaɗa. Ya san an ji shi. Brahim ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa yana kallon bakin buhu, yana ɗaure igiyar da ta riga ta ɗauru.

"Su biyu ne," ya ce, ba wanda ya tambaye shi. "Sunanta ne na lekol. Haka yake a wurin malamansu."

"Na gani, Baba."

"To." Ya gyara buhu. "Huda, tambayi ubanki me ya kawo shi ranar Laraba."

"Wucewa nake yi," in ji Brahim. "Na ce bari in gaishe ku."

Ya koma Garuwa shi kaɗai. Ya gaya wa Achta cewa makarantar Pitoa ma ba laifi, a bar yarinya ta ƙara shekara. Achta ta dube shi, ta ga yadda idonsa ya yi, ba ta ja maganar ba. Daga ranar ya zama mai yawan wucewa. Laraba yana wucewa, Jumma'a yana wucewa, maƙwabtansa a Roumdé Adjia suka fara tambaya ko wani shagon ya buɗe a Pitoa. Yakan zauna a gindin darbejiya, uban ba ya kallon wajen. A filin nan ba 'yar wasan da ake kira kamar Huda Brahim. In ta yi daidai a kira ta, in ta yi kuskure a kira ta, wani lokaci tana tsaye tana shan ruwa ma a kira ta, har tana cewa tsoho ya sa mata ido.

A bazarar da ta gabaci rasuwarsa, Oumar mai kifi ya kwashe iyalinsa ya koma Tibati, inda kifin yake. Gaston ne ya gaya wa Brahim a waya, cikin sauran labarai, bai san nauyin abin da ya faɗa ba. Brahim ya wuni a shago yana ba mutane kayan da ba su tambaya ba. Huda ta koma ɗaya, hujja ta ƙare. Ya ce wa kansa ya samu fiye da abin da ya taɓa tsammani, ya kamata ya gode wa Allah ya zauna a shagonsa. Da la'asar ta yi sai ga shi a kan babur.

Zafi ya yi zafi ranar, ko iska ba ta motsi. Tsohon ya rame, yanzu a kan kujera yake horarwa, da sanda a tsakanin gwiwoyinsa. Aka fara wasa. Ya kira Manuela, ya kira Hélène, ya yi wa mai tsaron raga faɗa. Huda ta karɓi ƙwallo ta tsaya tana neman wanda za ta ba. Brahim ya sunkuyar da kai.

"Huda Brahim! Jefa mana."

Wasa ya ɗan tsaya. Wata ƙaramar yarinya, sabuwar zuwa, wadda ba ta san inda ake yin shiru ba, ta matso kusa da kujera.

"Koci, ai yanzu Huda ɗaya ce. Ɗayar ta tafi."

"Na sani," in ji tsohon. "Bakina ya saba."

Ya dogara sanda ya miƙe tsaye da ƙyar. Huda tana nan kusa da shi, ko taku biyar ba ta kai ba, ta riga ta jefa ƙwallo, ba abin da za a gaya mata. Bai dube ta ba. Ya juya gabas, ya ɗaga kai ya kalli gindin darbejiya sosai, ya sake kiran sunan. Na farkon a ciki ya tsaya, leɓe kawai ya motsa. Na biyun ya fito da duk ƙarfin da ya rage masa.

Brahim ya miƙe, ya cire hularsa ba tare da ya san ya cire ba.

"Na'am, Baba," ya ce.